Na Kai Labarin Tiendpalogo Kasuwar Kano

Duk wanda ya tashi a Tiendpalogo ko Zanguwetin kafin shekarar 2003 ya san cewa Kano ba ta da nisa da mu, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa a cikinta ba. Turaren da iyayenmu mata ke shafawa na Kano ne, hular ango ta Kano ce, kaset-kaset na wa'azi da na Shata ma daga can ake zuwa da su. To, a cikin irin wannan kaya ne, tsakanin turmin atamfa da kwalin turare, 'yan littattafan nan na soyayya suka riƙa shigowa unguwarmu. Ni dai ta hanyarsu na koyi karatun Hausar boko, domin a lakwal Faransanci zalla aka koya mana, a makarantar allo kuwa Alƙur'ani ne da ɗan ajami.

Gwaggona, wato ƙanwar mahaifina, ita ce mai littattafan. Tana sayar da kayan koli a cikin gida, tana kuma da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da take tara su a ciki, tana ba da haya dala biyar kwana ɗaya. Abin mamaki shi ne ita kanta ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Da hoton bango take gane kowane littafi, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure ba. Wani baffana mai fatauci zuwa Maraɗi shi ya nuna mini yadda ake furta c da sh da ts da baƙaƙen nan masu lanƙwasa, cikin mako biyu na kama. Daga nan na zama makarancin gida. In an yi sallar lisha sai a kunna fitilar ƙwai, matan gidanmu da na maƙwabta su kewaye ni, ni ɗan shekara goma sha uku, ina karanta masu In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, daga baya kuma Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Ahmed Funtuwa. Inda duk maganar ta fi ƙarfin shekaruna sai Gwaggo ta ce, "Kai, tsallake nan." Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, kayan waje suka yi tsada, ta mai da haya dala goma, amma ba wadda ta daina zuwa.

Masu karatu na gida sun san abin da ya biyo baya, amma saboda 'yan'uwa na nesa bari in faɗa a taƙaice. Gwamnati ta fito da shirin nan da ake kira ZACA, na mai da tsakiyar Wagadugu wurin ofisoshi da manyan kantuna. A 2003 aka rushe gidajen Zanguwetin da Tiendpalogo da Peulogin da Kuluba da Kamsongin waɗanda suka faɗa cikin shirin, aka ba mutane filaye a Waga 2000 da Niyoko. A Mosanci kalmar zaka gida take nufi, tsofaffinmu kuwa sun daɗe suna juya wannan magana a bakinsu. Lokacin ina makarantar horon malamai ta Lumbila. Da na zo hutu na tarar babu zaure, babu rijiya, babu darbejiyar da muke karatun allo a gindinta, sai fili fetal, kana tsaye kana hango jiragen sama suna sauka. Adakar Gwaggo ta ɓace wajen kwashe kaya.

Bayan shekara goma ɗiyata ta fari, wadda aka haifa a Niyoko, ta tambaye ni da Faransanci wai ina ne wannan Tiendpalogo da kakanninta ba su da hira sai tasa. Na ɗauke ta a babur na kai ta titin Kwame Nkrumah, na rasa abin da zan nuna mata. A daren nan na ɗauko sabon kaye na fara rubutu. Ba tarihi na rubuta ba, domin ni ba masanin tarihi ba ne. Ƙagaggen labari ne na ɗan wani mai sayar da goro da wata yarinya Bamoshiya, a cikin shekarar ƙarshe ta unguwar, amma kowane lungu da kowace rumfa na ajiye su a inda suke. Shekara uku ina yi, da dare bayan na gama gyaran aikin yara, har ya cika kaye shida.

Rubutu ya ƙare, sai bugu. Na fara da gida. Wagadugu ba ta rasa maɗaba'u ba, ga kuma baje kolin littattafai na FILO, marubutanmu na Faransanci kuwa da yawa da kuɗin aljihunsu suke bugawa. Tun Nazi Boni, wanda aka buga littafinsa a Paris a 1962, wanda ya samu hanyar Faransa ya tsira, wanda bai samu ba ya nemi bashi. Amma nawa na Hausa ne. Wani mai maɗaba'a ya duba, ya ce ɓ da ɗ yana da su saboda aikin Fulatanci da yake yi wa masu yaƙi da jahilci, ƙ ce dai babu, kuma ba shi da wanda zai duba masa kuskure. Kuɗin da ya yanka mini ya kai albashina na wata huɗu. Baffana, wanda a lokacin tsufa ya zaunar da shi, ya ce, "Kai ma da neman wahala kake. Mai son goro ai Gwanja yake zuwa. Ka tafi Kano."

A watan Yuli na 2017, da aka ba da babban hutu, na sa kaye shida a jaka, na ɗaure kuɗin adashina na shekara biyu a ƙugu, na shiga mota. Kupela, Fada Ngurma, Kancari, sannan iyaka, sai Makalondi da Torodi, muka kwana Yamai. Kusan ita ce hanyar da kakanninmu fataken goro suka biyo da jakuna, su suna fuskantar yamma, ni ina fuskantar gabas, kuma daga zangon da suke yadawa ne unguwanninmu suka samo suna. A yau rashin tsaro ya sa ba kowa ke iya bin wannan hanya ba, shi ya sa nake gode wa Allah da na yi tafiyar a lokacin. Daga Yamai sai Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi. Tun daga Dogon Dutsi kunnena ya fara hutawa, domin mai shayi da ɗan kamasho da jandarma duk Hausa suke yi. Washegari muka ƙetare ta Ɗan Isa da Jibiya, muka ratsa Katsina, la'asar sakaliya muka sauka Ƙofar Ruwa.

Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da bayanin girman Kano ba, gani ya kori ji. Na sauka Fagge gidan wani abokin cinikin baffana, da safe na canza sefa zuwa naira a Wapa, na hau a-daidaita-sahu na ce a kai ni inda ake sayar da littattafan Hausa. Ya sauke ni wajen Bata, bakin kasuwar Sabon Gari. Kasuwar ta yi mummunar gobara a watan Maris na 2016, ana ta sake gini, abin ya tuna mini da Rud Woko tamu da ta ƙone a 2003, shekarar da aka tashe mu. Na kutsa ta tsakanin masu sayar da robobi da masu kayan makaranta, sai ga ni a gaban abin da na yi kwana uku a hanya domin shi.

Allah Sarki! Adakar Gwaggo ce aka buɗe ta zama shaguna. Littattafai tun daga ƙasa har rufi, an ɗaure su dozin-dozin da igiyar leda, wasu an rataye a zare kamar shanya. Sirara ne, takardarsu irin ta jarida, an ɗinke su da waya a tsakiya, kowanne an rubuta masa na ɗaya, na biyu, na uku. Bangon da na sani da zanen hannu yanzu hotunan 'yan fim ne. Na daɗe a tsaye ina shinshina ƙanshin tawada kamar wani ƙaramin yaro, har mai shagon, wani Alhaji mai furfura a gemu, ya ce, "Malam, baƙo ne ko? Shigo daga ciki."

Kafin in faɗi yadda muka yi da shi, ya kamata in ɗan koma baya, domin wannan kasuwa ba daga sama ta faɗo ba. Ƙagaggen labari na Hausar boko da hannun hukuma ya fara. A 1933 Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasa, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Daga nan har zuwa kamfanin NNPC da aka kafa a 1966, littafi abin kamfani ne da makaranta: kai dai ka rubuta ka aika Zariya, ka zauna jiran amsa. Ta wannan ƙofa Hafsat Abdulwaheed ta shigo da So Aljannar Duniya a 1980. Amma abubuwa biyu suka haɗu suka sauya al'amarin. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban yara maza da mata masu iya karanta Hausa, suna neman abin karantawa. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta da suka tabbata za a saya. Ga masu karatu, ga masu rubutu, babu mai haɗa su.

Sai matasa suka ce ba za su jira ba. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a 1991. Ado da Balaraba ba 'yan jami'a ba ne, ta ajin yaƙi da jahilci suka bi. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda sunanta kaɗai ya isa amsa ga masu raina su, suna duba wa juna rubutu, kowa yana jera sunayen littattafan 'yan'uwansa a cikin nasa. Marubuci shi ne mai kuɗi, shi ne mai gyara, shi ne mai dakon kaya zuwa shago, shi ne mai bin bashi. Masana ba su ƙyale su ba. Ibrahim Malumfashi ya soke su a jaridar Nasiha tun 1991, ya kuma laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da 'yan littattafan kasuwar Onica. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka shiga muhawarar, aka shekara da shekaru ana fafatawa a jaridu. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, har ƙona wasu littattafan aka yi a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, wanda keken da ya kawo ni kasuwa ya gaji sunansa. A 2012 kuma wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi.

Ni malamin makaranta ne, in na buɗe wasu daga cikin littattafan nan hannuna ƙaiƙayin jan biro yake yi. Ba a raba kalma daidai, ba aya, ba waƙafi, labarin wani ma daga fim ɗin Indiya aka kwaso shi. A nan masu suka suna da gaskiya. Amma ban taɓa ganin littafin da masana suka yaba ya tara mata goma sha biyar a tsakar gida a Wagadugu, suna musu a kan auren dole da kishi da karatun 'ya mace har sha biyun dare ba. Waɗannan da aka raina su suka yi.

Na fito da kaye na miƙa wa Alhaji. Ya sa tabarau ya duba shafin farko, ya yi ta ƙoƙarin furta sunan littafin, domin sunan unguwarmu na sa masa.

"Tiyan... Tindi... Malam, wannan sunan magani ne?"

Na ce, "Sunan unguwarmu ne, Alhaji, a Wagadugu."

"To, ka ji matsala ta farko. Yarinyar da aka aiko daga Ɗorayi ko Kurna ta sayo wa uwar ɗakinta littafi, in ba ta iya faɗin sunansa ba, ba za ta saya ba. Akwai kishiya a ciki?"

Na ce babu.

"Akwai mai kuɗi? Akwai wanda ya tafi Dubai?"

Na ce akwai dai mai goro, da katafila.

Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya aika yaro ya kawo mini lemo. Sannan ya zauna ya yi mini karatun da ba a koya mana a Lumbila ba. Ya ce raba littafi kashi-kashi ba don ado ake yi ba. Na ɗaya siriri ne domin mai naira kaɗan ta iya saya, a kuma yanke shi daidai inda rai ke son jin ci gaba, kuɗin na ɗaya su buga na biyu. Ya ce marubucin da ba shi da jari yakan sayar wa ɗan kasuwa da rubutun ɗungurungum, a ba shi abin da aka ba shi, ko an sake bugawa sau goma ba shi da ko kwabo. Mai ɗan ƙarfi kuwa ya buga da kansa ya rarraba wa shaguna, sai an sayar a biya shi, wani bashin har abada. Daga shagunan nan ne 'yan sari ke ɗauka su kai Gusau da Sakkwato da Jos da Damagaram, masu baro da masu faranti su shiga da shi unguwa-unguwa, masu haya su shigar da shi gidajen aure. In Allah ya taimaki mutum aka karanta littafinsa a rediyo, to, kakarsa ta yanke saƙa.

"Amma Malam," in ji shi, "ka zo kasuwa ana kwashe kaya. Da, kafin azahar na sayar da abin da yanzu nake wata ban sayar ba. Duk sun koma nan." Ya ɗaga wayarsa. Ya nuna mini yadda marubuta, galibinsu mata, ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, a ba ka farkon kyauta, in ka kamu ka tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa ka cikin masu samun ci gaba. Babu takarda, babu ɗan dako, babu Alhaji. Ya ce gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016 ma ta intanet ake aika mata da labari. Shawararsa ita ce in koma gida in yi haka, in riƙe kuɗina.

Na kwana ina juya maganar. Gaskiya ya faɗa, kuma ba shi da ribar komai a faɗin ta. Amma ni abin da ya fito da ni daban ne. Unguwar da aka share daga ƙasa ba na son in ajiye ta a cikin waya, inda yaro zai goge ta don ya samu wurin sa waƙa. Ina son abin da za a jefa a adaka, a tarar da shi bayan shekara talatin. Da safe na koma na ce bugawa zan yi, kuma dunƙule guda, ba kashi-kashi ba. Ya ce, "Kuɗinka ne, Malam." Ya haɗa ni da yaronsa ya kai ni wurin masu buga rubutu a kwamfuta.

A nan na yi kwana tara, kuma a nan aka yi yaƙin. Yarinyar da ke bugawa tana da sauri kamar walƙiya, amma ta ɗauka taimakona take yi. Duk inda na rubuta lakwal sai ta mai da shi makaranta, montur ta mai da shi agogo, mobilet ta mai da shi mashin, gaisuwar Mosanci da na sa a bakin uwar yarinyar kuwa ta share ta gaba ɗaya, wai ta zaci kuskure ne. Na ce, "'Yata, mutanen nan ba Kanawa ba ne. In kika sa masu Hausar Kano a baki, 'yan unguwarmu za su ce ƙarya nake yi." Ta ce, "Baba, ai ba za a gane ba." Muka shirya a kan in sa ɗan jerin ma'anar kalmomi a ƙarshe. Sai kuma rigimar lanƙwasa. Yawancin littattafan kasuwa ba su damu da ita ba, Bakano ya san inda ƙ take ko ba a rubuta ba. Amma yaron Niyoko da Hausarsa ta yi rauni, in ya ga an rubuta kofa ko bata, ba shi da mai gaya masa ƙofa ce ko ɓata. Na zauna kusa da ita muka bi shafi 164 ɗaya bayan ɗaya.

Mai maɗaba'a ya ce in buga 1,000, domin kuɗin farantin bugu ɗaya ne ko 200 za a buga, takarda ce kawai ke ƙaruwa. Lissafin ya yi daidai a kan takarda, na yarda. A bango na ƙi hoton 'yar fim, na sa wani tsohon hoton zaurenmu da aka ɗauka ranar wani suna. Ranar da aka miƙo mini kwafin farko, da ɗuminsa, na koma gefe na zauna a kan rim ɗin takarda, ban iya cewa komai ba. Na bar wa Alhaji 200, na ajiye 100 wurin wani mai shago a Maraɗi, na ɗoro 700 a kan mota. Kuɗin dako da na awo a hanya sun kusa cinye abin da arhar Kano ta rage mini.

An yi ƙaddamarwa a Niyoko wata ranar Lahadi, a ƙofar gidan wani dattijon unguwa. An taru ƙwarai, har da waɗanda rabona da su tun 2003. Alhazai suka yi kara, wannan ya sayi kwafi ɗaya jaka biyar, wancan jaka goma, ranar kaɗai na mai da kusan sulusin kuɗina, na koma gida ina ganin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Bayan wata biyu na gane cewa an saya ne, ba a karanta ba. Dattawa ajami suka iya. Matasa kuwa da idon Faransanci suke kallon baƙaƙen. Na ba wani tsohon ɗalibina ya karanta mini layi ɗaya, ya karanta ciki a matsayin siki, ya tsaya cak a kan tsakar gida, shi da in zai aiko mini da saƙo a waya kouana yake rubutawa a maimakon kwana. Hausa tana bakinsa, amma ba ta idonsa. A nan na fahimci abin da Ado da Balaraba suka tarar a shirye wanda ni ban tarar ba. Su makaranta ta riga ta koya wa jama'arsu karatun harshensu, kasuwa da tasha da rediyo suna jiran kaya. Ni kuwa na dawo da kwali bakwai ga mutanen da aka warwatsa gabas da kudu, waɗanda ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna masu abin da baffana ya nuna mini cikin mako biyu.

Sai na koma sana'ata ta yarinta. Kowane daren Juma'a nakan karanta babi ɗaya a cikin waya, matata ta tura wa ƙungiyoyin mata na biki da na adashi. Wannan kam ya tafi. An kira ni daga Bobo, daga Abijan, daga Kumasi, wata tsohuwa a Nima ta birnin Ankara ta sa jikanta ya kira ni don ta gaya mini a gidan da ke bayan namu aka yi goyonta. Na ce mai son ya taimaka ya turo abin da ya sawwaƙa ta Orange Money. Waɗanda suka turo ba su kai ashirin ba, saura tura wa juna kawai suke yi. Raina ya ɓaci, har na yi niyyar dainawa, sai na tuna shekara nawa Gwaggo ta yi tana karɓar dala biyar-biyar a kan littattafan mutane, ni ina karantawa, ba mu taɓa aika wa marubutan ko tamma ba. Na ci gaba. Ranar Asabar da yamma kuma na buɗe ɗan aji a zauren gidana, kyauta, sharaɗin kawai kowa ya zo da kwafinsa. Da wannan dabara nake sayar da biyu yau, uku gobe, jaka ɗaya-ɗaya. Ɗiyata tana cikin 'yan ajin farko.

Alhaji na Kano mutumin kirki ne. Bayan shekara biyu ya aiko mini da kuɗin kwafi 37 ta hannun wani direba, da saƙon cewa yawancin masu sayen ɗaliban jami'a ne masu nazarin Hausar wasu ƙasashe, kuma har yanzu ba wanda ya iya faɗin sunan, littafin Burkina suke cewa. Na Maraɗi ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Gwaggo tana nan da ranta a Niyoko, idanun sun tafi amma kunne garau. Ita ban yarda ta ji a waya ba, da kaina na je na karanta mata, dare bakwai. Ba ta ce in tsallake ko'ina ba. Da muka kai inda yarinyar ta je ɗiban ruwa, na ce rijiyar tana gabas da masallaci, sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya gaya maka gabas take?"

Na ce, "Gwaggo, haka na tuna."

"Ka tuna ba daidai ba. Yamma take, bayan rumfar mai waina. Shekara talatin ina jan ruwa a cikinta. Ka gyara."

Na ce an riga an buga, sai dai in Allah ya kawo bugu na biyu. Ta tambaye ni saura nawa a ƙarƙashin gado, na ce 312. Ta ce ai ba su da yawa, in nemo biro. Shafi na 58 ne, layi na shida daga sama. Zuwa daren jiya na gyara 140.